A Kakkaɓe Ƙurar Akwatin Radiyo

Ranar Juma'a, 9 ga Afrilu 1999, ina yaro ɗan lakkal a Maraɗi, na ga mahaifina ya rufe shago tun rana ba ta yi sanyi ba, ya dawo gida, ya ɗauko akwatin radiyonsa mai rigar fata, ya zaro eriya har ƙarshenta, ya zauna a zaure yana murɗawa a hankali kamar mai zare ƙaya. Kafin la'asar zauren ya cika da maƙwabta. Daga Yamai an ce shugaban ƙasa Ibrahim Bare Mainasara ya rasu a wani mummunan hatsari. Daga nesa, cikin shuu da ƙara, wata murya ta ce masu tsaron lafiyarsa ne suka buɗe masa wuta a filin jirgin sama. Ba wanda ya ce uffan. Wani dattijo ya yi salati, ya sa takalmansa, ya fita.

Wannan akwati yana nan har yau a kan kabad, ƙura ta rufe shi. Haka ƴan'uwansa suke a gidaje da dama na Damagaram, da Tawa, da Ƙonni: an mayar da su kayan tarihi tun da wayar salula ta shigo aljihu. Ra'ayina shi ne mun yi gaggawar yi musu ritaya, kuma abubuwan da suka faru daga 2021 zuwa yau sun isa su sa duk ɗan kasuwa da duk ma'aikacin gwamnati ya sauko da nasa, ya hure ƙurar, ya saya masa pil.

A tuna. Ranar 24 ga Fabrairu 2021, kwana guda bayan an faɗi sakamakon zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka yanke intanet ɗin wayoyin hannu a ƙasar nan, aka yi kusan kwana goma a haka. Gwamnatin farar hula ce ta yi wannan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, a farkon watan Agusta aka kashe Radiyo Faransa a FM, kuma a cikin makon nan ne Najeriya ta tsinke mana wutar lantarki da sunan takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, har mutane suka riƙa yawo da caja a hannu suna neman inda janareta ke kuka. A Disamba 2024 hukuma ta umarci gidajen radiyon da ke kama shirye-shiryen BBC su dakatar da su na wata uku, bisa zargin yaɗa labarin ƙarya game da wani hari da aka kai yammacin ƙasar. Tun kafin duk waɗannan, a Maris 1997, wasu mutane sanye da kakin soja sun shiga Radiyo Anfani a Yamai sun farfasa kayan aikinta. Masu mulki sun sha bamban, dalilansu sun sha bamban, amma hannu ɗaya ake miƙawa, zuwa wuri ɗaya: makunnin da ke cikin gida.

To, gajeren zango ba shi da makunni a cikin gida. Wannan ita ce duk hikimarsa, kuma ya kamata a fahimci dalili, domin ba tsafi ba ne.

Tashar FM tana tafiya ne miƙe, kamar hasken cocila. Inda ƙasa ta lanƙwasa ko dutse ya tare, nan ta tsaya; in ta yi ƙoƙari ta ci kilomita hamsin zuwa ɗari. Saboda haka duk gidan radiyon waje da ke son a ji shi garau a Maraɗi sai ya kafa na'ura a Maraɗi, ko ya ƙulla yarjejeniya da wani gidan radiyo na Maraɗi, kuma takarda guda mai hatimi ta isa ta rufe bakin wannan na'ura. Gajeren zango kuwa, wato daga megahaz 3 zuwa 30, sama yake nufa. A can, kimanin kilomita 100 zuwa 400 daga doron ƙasa, akwai wani rufi na iska wanda hasken rana ke cikawa da lantarki, masana suna kiransa iyonosfer. Muryar takan bugi rufin nan ta dawo ƙasa a wuri mai nisan dubban kilomita, kamar yadda yaro ke buga ƙwallo a bango. Haka muryar da aka harba daga tsibirin Ascension, inda BBC ta kafa tasha tun 1966 a tsakiyar tekun Atlantika, fiye da kilomita 3,000 daga nan, take saukowa a zauren mahaifina. Haka ta Radiyo Faransa take tasowa daga Issoudun a tsakiyar Faransa. Wane gwamna ne zai aika jandarma can? Ana iya toshe ta da ƙara, gaskiya ne, amma sai an kafa manyan na'urori masu shan wuta dare da rana. Tarayyar Sobiyet, da duk ƙarfinta, ta shekara da shekaru tana wannan aiki, ba ta taɓa toshe kowace kafa ba, kuma ta haƙura a 1988.

Akwai wani abu kuma da ya fi shafar ma'aikaci. Waya tana karɓa, tana kuma bayarwa. Layinka da katin shaidarka aka yi masa rajista. Abin da ka buɗe da abin da ka tura duk suna barin sawu. Tun da aka yi wa dokar laifuffukan intanet ta 2019 gyara a watan Yuni 2024, aka maido da hukuncin ɗauri kan yaɗa abin da aka ce yana iya ta da hankalin jama'a, malamin makaranta ko sakataren biro da ya tura saƙon da bai tantance ba yana wasa ne da tuwon iyalinsa. Akwatin radiyo kurma ne ta wannan fuska: yana ji, ba ya tsegumi. Ba ya tambayarka suna, ba ya cin kuɗin kati, kuma pil biyu ko huɗu sukan riƙe shi kwanaki masu yawa.

Na san abin da za a ce mini, kuma masu faɗinsa ba wawaye ba ne. Za a ce: waɗannan gidajen radiyo na waje, wa ke biyansu? Ba don Allah Ingila ta buɗe Sashen Hausa a 1957 ba, ba don son Bahaushe Jamus ta bi sahu a 1963 ba, haka Amurka a 1979, haka Faransa a 2007. Kowace da manufarta, kowace da abin da take ƙarawa gishiri da abin da take yi wa shiru. Na yarda. Ni ma na sha jin rahoto a kan garinmu wanda na san mai rahoton bai taka ƙafarsa wurin ba. Amma maganin mai ba da labari guda ɗaya mai son zuciya shi ne a samo na biyu da na uku, a gwama. Ɗan kasuwar da ke sayen wake ba ya yarda da mudun mai sayarwa kaɗai, ba ya kuma cewa a hana kowa zuwa kasuwa da mudu sai shi. Iyayenmu sun iya wannan fiye da mu. Sukan ji Landan da asuba, su ji Jamus da rana, su ji Kaduna, su ji Muryar Sahel da dare, sa'an nan su zauna a bakin shayi su tace. In uku suka haɗu a kan magana, an kusa gaskiya. In aka ji Yamai ta yi shiru a kan abin da kowa ke faɗi, shirun ma labari ne. Mu kuwa da muke taƙama da ilimin zamani, murya guda marar suna da aka turo ta WhatsApp ta isa ta sa a rufe kasuwa.

Kuma hana ji bai taɓa hana magana ba. In aka rufe tashar da ke da suna da adireshi, wadda za a iya ƙaryatawa a kuma nemi ta gyara, ji-ta-ji-ta ce ke gadon kujerarta, ita kuwa ba ta da ofishin da za a kai mata ƙara. Wanda ya san yadda farashin naira ke tsalle a bakin iyaka saboda raɗe-raɗi guda ya san abin da nake nufi. Dattawan kasuwa har yau suna tuna daren 11 ga Janairu 1994, lokacin da aka sanar daga Dakar cewa an karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Wanda ya kwana da radiyo a kunne ya wayi gari ya san abin da zai yi da hajarsa. Wanda ya yi barci da wuri ya sayar da asara kafin hantsi. In kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Sai dai ba zan ɓoye wa mai karatu raunin maganata ba. Makunnin da ba ya hannun mahukuntanmu, ba ya hannunmu mu ma. A 2015 Jamus ta rufe babbar tasharta ta Kigali wadda ta yi rabin ƙarni tana harba shirye-shirye zuwa Afirka. A tsakiyar Maris 2025, da sa hannun shugaban Amurka a kan takarda guda, aka sallami ma'aikatan Muryar Amurka zuwa gida, Sashen Hausa ya yi tsit ba tare da ko sallama ba, bayan shekara 46. Babu jandarma, babu toshiya. Mai kaya ne ya ɗauke kayansa. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya rage mini na ƙwarin gwiwa shi ne, duk lokacin da wuta ta kama, masu cewa zamanin gajeren zango ya wuce su ne kan fara komawa gare shi da gudu. A Maris 2022 BBC ta maido da sa'o'i huɗu a kullum zuwa Yukiren da wani yanki na Rasha. A Mayu 2023, wata uku kacal bayan ta rufe radiyonta na Larabci, ta buɗe shirin gaggawa zuwa Sudan, a gajeren zango. Masu harbawa za su ci gaba ne muddin sun san akwai kunnuwa a ƙasa.

Nan ne nake ganin laifinmu. Ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, mai makiyaya a Azawak da Tadres, mai direbobi a hanyar Agadas zuwa Dirku, ita ce ta fi kowa bukatar muryar da ke sauka ko'ina. Muryar Sahel ta yi shekaru ana kama ta a mita 31, har a ƙasashen maƙwabta. Gwamnatin da ke kukan cewa baƙi sun fi ta murya a cikin gidanta, da ta zuba kuɗi a babbar na'urar gajeren zango, ta kuma sakar wa ƴan jaridarta mara su faɗi abin da suka gani, da ta yi gasa a fili ta ci rabonta. Rufe bakin wani ya fi araha, shi ya sa aka fi son sa.

Ga wanda ya yarda da ni ya sauko da akwatinsa, ko ya nufi kasuwa sayen sabo, akwai abin lura, domin da yawa sukan gwada sau ɗaya, su ji shuu, su ce abin ya mutu. Ya duba jikin akwatin ya ga an rubuta SW, ko OC in na Faransanci ne, kuma ya fi son wanda aka raba masa zangon gida-gida, mita 49, 41, 31, 25, 19, 16, a kan wanda aka cusa duka a layi ɗaya, inda kaurin allura kaɗai ke rufe tasha uku. Mai nuna lamba a gilashi, irin su Tecsun, ya fi sauƙin sha'ani, ko da yake ya fi tsada kuma ya fi cin pil. Rufin nan na sama yana sauyawa da rana: da tsakar rana a nemi mita 19 da 16, wato wajen megahaz 15 da 17, da asuba da bayan magariba a sauko mita 31, 41 da 49. Gidajen radiyo kuma sukan sauya mitocinsu sau biyu a shekara, a Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, don haka tashar da ta ɓace ba lalle ta mutu ba, wataƙila ƙaura ta yi. In an faɗi lokaci da agogon GMT, a ƙara awa ɗaya a sami namu.

Babban abokin gaban gajeren zango a yau yana cikin ɗakinka: cajar waya, ƙwan fitila na zamani mai arha, da na'urar da ke juya wutar sola. Dukansu suna fitar da ƙara da ke danne murya mai zuwa daga nesa, shi ya sa akwatin da ke magana garau a ƙauye yake zama bebe a tsakiyar Yamai. Rufin kwano ma yana tarewa. A fita tsakar gida, a yi amfani da pil maimakon kuran, a zaro eriya duka. In har yanzu muryar tana nutsewa, a sami siririyar wayar lantarki mai tsawon mita biyar zuwa goma, a feƙe bakinta a naɗa a kan eriya, a rataya ɗaya bakin a reshen bedi, nesa da wayoyin kuran, kuma a kwance ta da zarar hadari ya taso. In murya ta yi ƙasa ta dawo, ta yi ƙasa ta dawo, ba lalacewa ba ce, rufin ne ke motsi. A yi haƙuri da ita.

Na mahaifina, da na buɗe bayansa a watan jiya, na tarar tsofaffin pil sun zubar da ruwa sun ci ƙarfen. Wani mai gyara a bakin kasuwa ya kankare shi da takardar yashi, ya sauya waya guda, ya karɓi dala ɗari. Ya ce mini a da shi da ƴan'uwansa masu wannan sana'a sun cika layin nan, yanzu duk sun koma gyaran salula, saura shi da wani tsoho. Da ya sa sababbin pil ya murɗa, sai ga Hausa tana fitowa daga mita 19, har masu sayar da goro na kusa suka juyo suna tambayar wace tasha ce.