Hasashen aikin kwamfuta: a fara da ƙirga na gida

Tun da kullen korona na 2020 ya tilasta wa makarantu da ofisoshi komawa intanet, ake ta yi wa matasa albishir cewa duk wanda ya koyi rubuta manhaja ya haye. Sai ga shi a Nuwamba 2022 kamfanin Meta ya sallami ma'aikata 11,000, Google ya biyo baya da 12,000 a Janairun 2023. Kamfanonin sun ɗauka cunkoson intanet na lokacin annoba zai dawwama, suka yi ɗiban da ya wuce kima. Mutanen Kakuri da ke Kaduna ba sa bukatar a yi musu bayanin irin wannan: masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ta bar dubban magidanta da sana'ar da babu mai saye. Saboda haka shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, mai burin horar da mutum miliyan 3, da cibiyoyi irin CoLab ta Barnawa, su fara da tambayar wa zai biya albashin. A ganina aikin da ba ya yankewa yana kusa da mu: mai gyaran na'urar POS a kasuwar Sabon Tasha, mai haɗa intanet da sola a makarantun Narayi, mai tsare bayanan asibiti daga 'yan damfara. Ya kamata gwamnatin Kaduna ta riƙa bin masu ɗaukar ma'aikata duk shekara, ta wallafa ƙwarewar da suke nema, sannan a tsara horo a kanta.