Aku ya yi shiru, saura mu

Kai ɗan'uwa mai karatun yaƙi da jahilci, da ke ƴar'uwa, ku saurara. Na gama littafi na uku na Magana Jari Ce, shi ne na ƙarshe. Malam Abubakar Imam ya rubuta su a Zariya, aka fara buga su a 1937. Na ji daɗi, na kuma ji haushi.

Ga haushina. A littafi na farko, aku yana ba Musa ɗan sarki labari don ya hana shi fita, saboda mugun waziri ya ɗana masa tarko. Ran yaro ne a bakin aku. Mai karatu ba ya iya barci sai ya ga ƙarshe. A na uku kuwa, aku ya zama waziri, ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih dabarun magana. Ba tarko, ba fargaba. Wa'azi ya yi yawa. Miya ce mai kyau, amma an rage mata yaji.

Duk da haka Hausar tana da zaƙi, dariya tana nan, kuma darasin gaskiya ne: ka san abin da za ka faɗa, ka san gaban wanda kake faɗarsa.

To, amma akwai masu cewa a jefar da littafin duka. Wai aku ba ya sarauta, ƙarya ce, wai manomi ya karanta maganar taki da irin albasa ya isa. Ban yarda ba! Wa ya taɓa kwana yana karatun buhun taki? Karatu kamar hauya yake, in an ajiye sai tsatsa. Wanda ya bar aji ba abin karantawa mai daɗi, kafin damina biyu baƙaƙen sun gudu. Ranar da za a miƙo masa takardar awon albasarsa a kasuwar Madawa, sai ya koma dangwala yatsa. Labarin aku ne ke wasa hauyar.

Malam Imam ya rasu a 1981. Littafi na huɗu ba zai zo daga Zariya ba. Shi ma labaran Larabawa da na Indiya da na Turawa ya ɗebo, ya sa musu rigar Hausa. Mu fa? Ba mu da labari ne a Adar? Tsofaffinmu sun ga yunwar 1984. Mutanen Buza sun dasa layukan itace a kwarin Magiya tun 1975 don tare iska. Matan Keita sun ɗauki duwatsu a ka, suka raya ƙasar da ta mutu. Ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi a bakin kakanni, kuma kakanni suna tafiya.

Karanta na uku, ka faɗi aibinsa ba tsoro. Daga nan ka ɗauki biro, ka zauna gaban tsohuwarka yau da dare, ka rubuto mana abin da ta faɗa.