RA'AYINMU: KADA TSORO YA SA KA AMSA LAIFIN DA BA KA YI BA

A wannan wata mun ga ya dace mu yi magana a kan wani al'amari da ya shafi 'yan'uwanmu mazauna ƙasar Amurka, musamman waɗanda neman abinci ya kai su unguwannin Bronx da Harlem na birnin Niyu Yok, da kuma iyayensu da ke gida suna jiran saƙo. Al'amarin kuwa shi ne halin da mutum yake shiga idan aka tuhume shi da laifi a gaban kotun gunduma ta wannan ƙasa.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa mafi yawan shari'un laifi a Amurka ba a kotunan tarayya ake yin su ba. Kowace jiha tana da dokokinta, kuma an rarraba jihohin zuwa gundumomi fiye da 3,000. A gunduma ake tsare wanda aka kama, a nan ake gurfanar da shi, kuma a yawancin jihohi jama'ar wurin ne ke zaɓen babban mai gabatar da ƙara ta hanyar ƙuri'a. Saboda haka makomar mutum takan rataya ga dokar jihar da aka kama shi, da kuma irin kuɗin da aka ware don kare marasa hali a wannan gunduma.

A rubuce, haƙƙoƙin wanda ake tuhuma suna da yawa, kuma adalci ne mu faɗe su. Tun shekarar 1966, a shari'ar Miranda, Kotun Ƙoli ta wajabta wa 'yan sanda su sanar da wanda ke hannunsu, kafin su yi masa tambayoyi, cewa yana da damar yin shiru da neman lauya. Wanda aka kama ba tare da takardar izini ba, a ƙa'ida sai alƙali ya duba dalilin kamunsa cikin sa'o'i 48. Nauyin kawo hujja yana kan gwamnati, kuma sai ta gamsar da juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shari'a, gamsarwar da ba ta bar wani kokwanto na hankali ba. Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin malaman fiƙihu sun daɗe suna karantar da cewa mai da'awa shi ke kawo shaida.

Haƙƙin samun lauya kyauta kuwa, wani talaka ne ya yi sanadinsa. A shekarar 1961 aka tuhumi Clarence Earl Gideon da fasa wani gidan wasa a gundumar Bay ta jihar Filorida. Ya roƙi alƙali ya ba shi lauya, aka ce dokar jiha ba ta yarda ba sai ga wanda laifinsa ya kai na kisa. Ya kare kansa iya ƙoƙarinsa, aka ɗaure shi shekara 5. Daga kurkuku ya rubuta kokensa da fensir zuwa Kotun Ƙoli, kuma ranar 18 ga Maris, 1963, alƙalan 9 baki ɗaya suka yanke cewa wajibi ne jiha ta ba marar hali lauya idan tuhumar babba ce. Da aka sake shari'ar a watan Agusta na wannan shekara, a kotun da ta ɗaure shi, lauyansa ya warware maganar babban mai shaida, juri suka wanke shi. Mutum ɗaya, tuhuma ɗaya, bambancin kawai a karo na biyu akwai wanda ya san doka a gefensa.

To amma abin da ke rubuce daban, abin da ke gudana a zauren kotu daban. Kotun Ƙoli da kanta ta ambata a shekarar 2012 cewa kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka samu da laifi a kotunan jihohi, amsa laifin suka yi ba tare da an saurari shaidu ba. Abin da ake yi ciniki ne: mai gabatar da ƙara ya ce idan ka amsa za a sassauta, idan ka ƙi za a nemi hukunci mafi tsanani. Lauyan marasa hali kuma sau da yawa shari'u sun yi masa katutu, ba ya samun isasshen lokacin zama da kowa. Mutumin da ke tsare don ya kasa biyan kuɗin beli, ga aikinsa zai tafi, ga kuɗin haya, ga iyali, ina ƙarfin da zai yi jayayya da shi?

Labarin Kalief Browder ya isa misali. A watan Mayu na 2010, yana ɗan shekara 16, aka kama shi a Bronx bisa zargin ƙwace jakar goyo. Aka sa belinsa dala 3,000, iyalinsa suka kasa biya. Ya yi shekara 3 a kurkukun tsibirin Rikers, kusan 2 daga ciki a ɗakin kaɗaici, ana ta ɗage shari'a. An yi masa tayin ya amsa laifi ya koma gida, ya ƙi, ya ce bai yi ba. A 2013 aka janye tuhumar ba tare da an yi shari'a ba. A watan Yuni na 2015 ya kashe kansa yana da shekara 22. Bayan wannan jihar Niyu Yok ta yi dokar rage belin kuɗi a 2019, jihar Illinois kuma ta soke shi gaba ɗaya a 2023. Amma a jihohi da dama har yanzu aljihu ne ke raba wanda zai kwana a gida da wanda zai kwana a tsare.

Haɗarin ya fi girma ga baƙo. Jose Padilla, mutumin ƙasar Honduras, ya yi fiye da shekara 40 a Amurka da takardar zama ta dindindin, har ya yi wa ƙasar aikin soja a yaƙin Vietnam. Da aka tuhume shi da safarar wiwi a jihar Kentucky, ya ce lauyansa ya gaya masa kada ya damu da batun takardu tun da ya daɗe a ƙasar. Ya amsa laifi, sai ga barazanar kora. A 2010 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wajibi ne lauya ya bayyana wa wanda ba ɗan ƙasa ba cewa amsa laifi na iya jawo a tasa ƙeyarsa. A kuma lura, a kotun shige da fice gwamnati ba ta ba mutum lauya kyauta.

Saboda haka muke nasiha ga ɗan'uwan da wannan jarrabawa ta same shi. Kada ya yi gardama ko kokawa da 'yan sanda, kada kuma ya yi musu ƙarya. Ya faɗa a fili cewa yana son lauya, sa'an nan ya kame bakinsa. Idan Turancinsa bai nuna ba, ya nemi tafinta, kada kunya ta sa ya gyaɗa kai ga abin da bai fahimta ba. Yana da damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa. Ya guji tattauna shari'arsa a wayar gidan yari, domin ana naɗar maganganun. Ya gaya wa lauyansa gaskiya duka, har da matsayin takardunsa, kuma kada ya sa hannu a kan wani ciniki sai ya san abin da zai biyo baya. Idan an ba shi beli, kada ya kuskura ya ƙi zuwa ranar da kotu ta sa, domin rashin zuwa kan jawo umarnin kama shi.

Ba muna kira ne a ɓoye mai laifi ba. Wanda ya ci haƙƙin wani, ya mayar ya tuba, wannan shi ne abin da muke karantarwa kullum. Amma wanda bai yi ba, amsa laifi ƙarya ce ya yi wa kansa, kuma tabonta zai bi shi wurin neman aiki da gidan haya da takardar zama har ƙarshen rayuwarsa.

Mun san cewa tsayawa a kan gaskiya tana da tsada, kuma wanda aka bari shi kaɗai da wuya ya iya biya. Don haka muke kira ga masallatai da ƙungiyoyin 'yan'uwa da ke can su kafa asusun beli da na lauya tun kafin buƙata ta taso, su riƙa ziyartar wanda ke tsare, su cika benci ranar shari'arsa, su kula da iyalinsa. Iyaye na gida kuma su daina yanke wa ɗansu hukunci da zarar sun ji an kama shi, domin tuhuma ba hujja ba ce.

Allah Ya kuɓutar da duk wanda aka zalunta, Ya shiryi mai laifi, Ya tsare mu da zuriyarmu, amin.