Ƙuri'a Da Zargin Ƙabilanci

Makonni kaɗan bayan zaɓen Shugaban Ƙasa da aka yi ran 25 ga watan Fabrairu, 2023, rangadin makarantu ya kai ni Burumburum. Da la'asar sakaliya na tarad da waɗansu malamai biyu zaune a gindin bishiya, gardama ta kaure tsakaninsu. Ɗaya Rabi'u Musa Kwankwaso ya jefa wa ƙuri'a, ɗayan kuwa Bola Ahmed Tinubu. Na farko ya ce, "Haba Malam, ga ɗan gida a tsaye, ka tsallake shi ka ba Bayarabe? Ai ka sayar da mu." Na biyu ya kada baki ya ce, "Kai kuwa, Malam, ba ka da wata hujja sai dai 'namu ne'. Wannan shi ne ƙabilanci tsantsa." Suka yi ta yi har aka kira magariba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, a cikin wannan dogon musu duka ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa abin da ya gani a wurin mutumin da ya zaɓa. Kowa ya riga ya yanke hukunci tun bai ji ta bakin ɗaya ba.

Wannan magana ba ta malaman nan biyu kaɗai ba ce. Duk sa'ad da aka ƙidaya ƙuri'u a ƙasar nan, kafin tawadar yatsa ta goge an soma shafa wa juna kashin kaji. Ni ra'ayina shi ne, ƙuri'a ita kaɗai ba ta isa shaida a kan zuciyar mai jefa ta ba. Wanda ya zaɓi ɗan ƙabilarsa, ba lalle ne ƙabilanci ya ja shi ba. Wanda kuma ya zaɓi bare, ba lalle ne ya ci amanar danginsa ba. Abin dubawa shi ne dalili. Ba sai mun yi nisa wajen neman shaida ba, tarihin zaɓe a ƙasar Kano ya ishe mu.

A zaɓen 1979 mutum biyar suka tsaya: Alhaji Shehu Shagari, da Cif Obafemi Awolowo, da Dokta Nnamdi Azikiwe, da Malam Aminu Kano, da Alhaji Waziri Ibrahim. Shagari da Aminu Kano duka 'yan Arewa ne, duka Musulmi, duka asalin Filani, duka kuma tsofaffin malaman makaranta. Duk da haka Jihar Kano, wadda a lokacin har da Jigawa a cikinta, ta ba Malam Aminu wajen kashi uku cikin huɗu na ƙuri'unta, Shagari kuwa bai cika kashi 20 cikin 100 ba. Watau abin da ya raba su a idon Kanawa aƙida ce ta siyasa da maganar talakawa, tun da ya ke ta wajen asali ba abin da zai raba su.

Wani zai ce, ai Malam Aminu ɗan gari ne, shi ya sa. To, sai ya dubi zaɓen 12 ga watan Yuni, 1993. Alhaji Bashir Tofa na jam'iyyar NRC mutumin birnin Kano ne. Abokin takararsa, Alhaji Moshood Abiola na SDP, Bayarabe ne daga Abeokuta. Da aka ƙidaya ƙuri'un Jihar Kano sai ga shi Abiola ya kayar da Tofa a gidansa. Gwamnatin soja ta Janar Ibrahim Babangida ta soke zaɓen, amma abin da Kanawa suka yi ran nan ba ya sokuwa. Shin za mu ce iyayenmu da yayyenmu da suka zaɓi Abiola sun sayar da Kano?

Haka kuma a 2023. Kano ta ba Kwankwaso ƙuri'a 997,279, ta ba Tinubu 517,341, ta ba Atiku Abubakar 131,716. Ga Bayarabe ya ninka Bafilacen Adamawa kusan sau huɗu a tsakiyar ƙasar Hausa. A can Kudu kuwa, Tinubu wanda ya yi shekara takwas yana Gwamnan Ikko, daga 1999 zuwa 2007, ya sha kaye a Ikko ɗin a hannun Peter Obi, da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu goma ba. Jihar Osun, tsakiyar ƙasar Yarabawa, Atiku ta ba rinjaye. Wanda ya ce kowa jininsa ya ke bi, to, sai ya fassara mana waɗannan lissafai.

Amma fa kada mu yi saurin wanke kanmu. Na ji mutane da yawa a nan suna cewa, dubi Anambra, ta ba Obi fiye da kashi 90 cikin 100, wannan ƙabilanci ne ƙarara. To, a 2015 Kano ta ba Janar Muhammadu Buhari ƙuri'a 1,903,999, Goodluck Jonathan ya sami 215,779, watau kusan tara cikin goma Buhari suka bi. A lokacin mun ce gaskiyar mutumin muka bi, da fatan samun tsaro, ga shi kuwa bama-baman Boko Haram sun addabi birnin Kano. Hujja ce mai ƙarfi. Amma mutumin Anambra shi ma zai ce Obi ya yi masa Gwamna ya ga aikinsa. In mun yarda da hujjarmu, da wane ma'auni za mu ƙi sauraron tasa? Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Wannan cuta ba a Nijeriya kaɗai ta ke ba. A Amurka, inda launin fata ya ke tsaye a matsayin da ƙabila ta ke a wurinmu, an yi irin wannan ce-ce-ku-ce a 2008. Janar Colin Powell, baƙar fata, ɗan jam'iyyar Republican, wanda ya riƙe Sakataren Harkokin Waje a ƙarƙashin George W. Bush, ya fito a watan Oktoba ya ce Barack Obama na jam'iyyar Democrat zai zaɓa, ya kuwa zayyana dalilansa. Nan da nan waɗansu suka ce ba wani dalili, fata ce ta ja fata. Suka kafa hujja da cewa baƙaƙen Amurka sun ba Obama wajen kashi 95 cikin 100. Abin da suka ƙi faɗa shi ne, waɗannan baƙaƙen sun ba Al Gore wajen kashi 90 a 2000, sun ba John Kerry wajen kashi 88 a 2004, alhali kuwa su biyun farar fata ne. Jam'iyyar su ke bi tun da daɗewa. Mai zargi ya ɗauki lissafin shekara guda ya rufe ido ga sauran.

Ban ce babu ƙabilanci ba. Akwai shi, a Arewa da Kudu, akwai kuma 'yan siyasa da shi ne jarinsu. Amma gane shi ba a fuskar akwatin zaɓe ya ke ba, a cikin zuciya ya ke, kowa kuwa shi ya fi sanin tasa. Ga gwaji mai sauƙi. Mutum ya tambayi kansa: da wannan ɗan takara, da halinsa da aikinsa da alkawuransa, daga wata ƙabila ya fito, zan zaɓe shi? Sa'an nan, da wancan da na ƙi ɗan garinmu ne, zan ƙi shi? In amsa ta sake saboda asali ya sake, to, cutar ta kama shi, sai ya nemi magani. In ba ta sake ba, ba wanda ya isa ya kira shi mai ƙabilanci ko maci amana.

Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, baki shi ke yanka wuya. A watan Afrilu na 2011, bayan da aka ce Jonathan ya ci zaɓe, tarzoma ta ɓarke a jihohi goma sha biyu na Arewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta fiye da mutum 800 suka mutu cikin kwana uku, Musulmi da Kirista, har da samari masu yi wa ƙasa hidima da aka kashe a Jihar Bauci. Ba wanda ya ga ƙuri'ar da suka jefa. Sunansu da harshensu da addininsu aka duba aka yanke musu hukunci. Kuma al'adar cewa "wannan ba namu ba ne" ba ta tsayawa a kan bare. A zaɓen 2023, nan Tudun Wada, an cinna wa ofishin wata jam'iyya wuta, an yi hasarar rayuka, tsakanin mutanen da ke cin kasuwa ɗaya, suna magana da harshe ɗaya.

Waɗanda suka tsara mana dokar ƙasa sun hango wannan. Tun daga tsarin mulki na 1979, har na 1999, ba ya isa mutum ya fi kowa yawan ƙuri'u. Sai ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, watau jihohi 24 cikin 36 a lissafin yanzu. Ma'anarsa ba ƙabilar da za ta naɗa Shugaba ita kaɗai. Ashe wanda ya zaɓi bare bisa hujja, abin da doka ta ke so ya yi.

Saboda haka ina kira gare ku, ya ku malaman makaranta da akawunan hukuma, domin ku ne mutanen ƙauye ke kawo wa takarda ku karanta musu, ku ne kuma a kan tambaya wa ya ci, don me ya ci. In za ku ba da lissafin wata jiha, ku haɗa da na taku. In yaro ya ce wa ɗan'uwansa a aji "ku ne kuka zaɓi wane", ku tsawata masa tun ƙarfen yana da zafi. Ku koya wa almajiranku su auna ɗan takara da abin da ya shafi rayuwarsu: kuɗin taki, da tsaron hanyar da ta ratsa dajin Falgore, da ruwan noman rani, da albashin malami. Madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, a zamanin Gwamna Audu Bako, haifaffen Kaduna, aka gina ta, ba kuwa manomin da ya taɓa tambayar asalin maginin kafin ya shayar da gonarsa.

Malaman nan biyu na Burumburum, ina fata in wannan takarda ta iske su, su koma gindin bishiyar nan kowa ya tambayi ɗan'uwansa dalilinsa, ya kuma yi haƙuri ya ji amsa. Allah ya ba mu shugabanni na gari ko daga ina suka fito, ya tsare harsunanmu daga zargin da ba mu da shaida a kansa, amin.