Ɗalibin da Bai Iya Insha'i Ba, Nauyin Wa Ne?

Da yawa daga cikin matasan Darmanawa da Gyadi-Gyadi da Tarauni da ke samun gurbi a Jami'ar Bayero ko Sa'adatu Rimi sun sauke Alƙur'ani, wasu ma sun haddace shi. Amma a ce ɗayansu ya cika shafi guda yana bayyana ra'ayinsa da hujja, sai alƙalami ya tsaya cik.

Ba basira suka rasa ba, horo ne ba su samu ba. Jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta baki ɗaya tun 2015, zaɓen amsa ce, ba ta neman ɗalibi ya gina ko da jimla ɗaya. A makarantar allo kuwa, duk da albarkarta, kwafa ake koyarwa: hannu ya yi kyau, amma ba a taɓa tambayar yaro abin da ya fahimta ba. Daga nan sai ya tsinci kansa a darasin Turanci na shekarar farko, ɗaki maƙil da ɗalibai, malami ɗaya. Yaushe zai bi takardar kowa layi-layi?

Mu Musulmi ba mu da uzurin kallon wannan daga nesa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi. Bayan yaƙin Badar, fursunan da ba shi da kuɗin fansa amma ya iya rubutu, an karɓi koyar da yaran Madina goma a matsayin fansarsa.

Shawararmu ita ce Islamiyyun dare da na ƙarshen mako a unguwannin nan su ware awa ɗaya duk mako don insha'i. A fara da Hausa, domin wanda bai iya jera tunaninsa da harshen uwa ba, da wuya ya jera shi da Turanci ko Larabci. Ɗalibi ya saurari huɗubar Juma'a, ya taƙaita ta a shafi ɗaya. A gyara masa da jan biro. Ya koma ya sake rubutawa. Sake rubutawar nan ita ce karatun, kuma ita ce aka fi gudu, malamai da ɗalibai duka.

Masu gyara ba su yi ƙaranci ba. Kowane layi akwai masu digiri da ke zaman jiran aiki. Kwamitin masallaci ya sayi littattafan rubutu, ya ba kowanensu ɗalibai goma da ɗan alawus, iyaye kuma su riƙa neman ganin shafin kowace Asabar.