Bishiya Ba Mazaunin Na'urar Auna Yanayi Ba Ce

A 'yan shekarun nan, matasa masu fasaha suna harhaɗa ƙananan na'urorin auna yanayi masu aiki da hasken rana, waɗanda ke aiko da bayanai ta layin waya daga gonaki masu nisa. Wannan abin yabo ne. Sai dai wasu kan ɗaure su a kan bishiya domin tsoron ɓarayi da dabbobi. A ganina, an yi gudun gara ne an faɗa gidan zago.

Ganye da rassa suna tare ruwan sama, saboda haka ma'auni ba zai faɗi gaskiya ba. Inuwa kuma tana hana batir cika. Ko gawo, mai kaɗe ganye da damina, rassansa na tare ruwa da iska. Idan lissafin ya kuskure, manomi zai makara da shuka, ko ya yi asarar iri.

Ƙa'idar Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya ita ce a auna zafi tsakanin mita 1.25 zuwa 2 daga ƙasa, ma'aunin ruwa kuma ya nisanci bishiya aƙalla ninki biyu na tsawonta.

Don haka, malaman gona su shawarci manoma su kafa turken ƙarfe a fili, su kewaye shi da shinge, su danƙa tsaronsa ga mai unguwa. Farantin sola ya fuskanci kudu, a riƙa goge ƙurarsa lokacin hunturu.