Sauron Jazira: Sabo Ne Ko Gado?

Wani malamin makaranta ɗan Hasahisa ya ja ni da gardama, wai abin da littattafan sakandare ke kira taɗawwur ba kome ba ne illa takayyuf, wato sabo. Na ce, Malam, bar batun biri, mu je bakin tur'a.

Dattawanmu sun ga zamanin da ake fesa DDT a ɗakuna, sauro ya zube. A shekarun 1970 ya daina ji, aka koma malathion, shi ma bai daɗe ba, zazzaɓi ya ci gaba da kayar da yara. Aka ce sauro ya saba. Ina! Baƙo yakan saba da zafin Jazira, amma ɗansa ba ya gadon wannan sabon. Sauron da guba ta kama mutuwa ya yi, yaushe ya saba? 'Yan kaɗan masu juriya a jini su suka tsira, suka hayayyafa, ga shi kuwa cikin wata guda sauro ya yi jika.

Malam ya ce ai har yanzu sauro ne. Haka ne, amma ba wanda DDT ke kashewa ba.